Shekarar da Na Rufe Sunan Babanku

Hannatu, ke kika faɗi maganar, kuma a tsakar gida kika faɗe ta, inda maƙwabta za su ji. Kika ce na binne babanku sau biyu. Ɗan'uwanki Yohanna yana wurin, shi dama tun yana ƙarami shirunsa ya fi faɗan wasu zafi. Ranar na shige kicin na ɗora ruwa a wuta duk da ba abin da zan dafa. Yanzu da na yi ritaya, gwiwa ta hana ni yawo, ku kuma kowa na garin da yake, na ga gara in rubuta muku yadda abin ya faru. Ba gafara nake nema ba, don har gobe ban ga laifina ba. Ina so dai in kun tashi yanke mini hukunci, ku yanke shi da cikakken labari a hannunku.

Kun san ni da babanku wuri ɗaya muka yi aiki, a cibiyar raba wutar lantarki da ke wajen Kudenda a Kaduna, amma ba ku taɓa sanin abin da ake yi a ciki ba. Ku dai in an ɗauke wuta sai ku juyo ku dube mu kamar mu muka sa ta a aljihu. Akwai wani ɗaki a can mai sanyi da manyan alluna, daga nan ake buɗe layi a rufe layi. Layin da ke kai wuta masana'antu, da na asibiti, da na injinan tura ruwa, da na barikin soja, duk daga ɗakin nan ake juya su. Da can da hannu ake yi, mutum ya fita fili ya ja ƙarfe. Da aka kawo kwamfuta, babanku Ishaku ne aka tura ya koyo, shi ya dawo ya haɗa komai. Don haka sunan farko da aka buɗe a na'urar nasa ne, kuma sunan nan babu ƙofar da ba ya buɗewa. Ishaku kuwa kun san shi, mutumin da ba ya iya cin ƙosai shi kaɗai a mota. Duk wanda ya zo juti, wato ya karɓi aiki a ɗakin, sai ya faɗa masa kalmar sirrin, ya ce shiga da nawa kawai, kada mu ɓata lokaci. Ni ina sashen sadarwa, wayoyi da rediyo, daga baya kwamfutocin suka dawo ƙarƙashina. Na san ana haka, ni ma da sunansa nake shiga.

Da ciwon ƙoda ya ɗauke shi, bayan mun dawo daga jana'iza, Baba Gyang ya zo gidanmu na unguwar Television. Kuna tuna shi, dogon nan mutumin Filato, shugaban masu juti, wanda ke kawo muku dankali in ya je gida. Ya zauna a kujerar babanku, ya daɗe yana murza hularsa.

"Maman Hannatu, mun yi shawara," ya ce. "Sunan Oga ba zai fita daga injin nan ba. Muddin muna wurin, shi zai riƙa kunna wa garin nan wuta."

Na yi kuka ranar, kukan jin daɗi. Kuma sun cika alkawari. Kowace safiya wanda ya karɓi juti zai zauna ya buga sunan, allo ya yi masa maraba, sai ya ɗaga murya ya ce Oga Ishaku ya shigo aiki, sauran su amsa masa da sannu da zuwa. Ba wasa suke yi ba, ko da yake da dariya suke faɗa. Mutanen ɗakin nan tire ɗaya suke cin abinci, Kirista da Musulmi. A shekarun da gari ya rikice, su ne ke raka abokin aikinsu Malam Sani har bakin gadar da ta raba gari biyu don ya tsallaka gida lafiya, shi kuma ya ɓoye nasu in rikici ya rutsa da su a can. Duk kaka kuma sai su haɗu su tafi gonar babanku a Kakau su yi mini gayya, su karye masara, ni in dafa musu gwate a babbar tukunya. Ke Hannatu da kanki Baba Gyang ya taɓa kai ki ɗakin, ya nuna miki allo, kika ga an rubuta Ishaku ya buɗe layi kaza da safiyar nan. Kin dawo gida kina ba Yohanna labari har kina haɗiye magana. Ba ke kaɗai ba. Ni ma nakan shiga ɗakin ba tare da wani aiki ba, in tsaya a baya in karanta sunan mijina yana ta aiki, in koma ofis zuciyata ta yi sanyi.

Haka muka yi shekaru, har aka aiko a tura mutum ɗaya wani kwas a Abuja kan tsaron na'urori. Ba wanda ya so zuwa, sai aka nuna ni aka ce ai Rifkatu ce mai kwamfuta. Na tafi ina tunanin irin kwas ɗin da muka saba ne, a sha shayi a raba jaka. Na tarar da mutanen hukumar ruwa, da na jirgin ƙasa, da na banki, da na asibiti, sannan sojoji a gaba. Wanda ya jagorance mu wani Kanar ne gajere mai magana a hankali, sai ka karkata kunne kafin ka ji shi. Ya ce shi an horar da shi ya tsare iyaka, amma yanzu wanda zai durƙusar da bariki ba ya buƙatar tsallako iyaka, ba ya buƙatar bindiga. Yana zaune a ɗakinsa a wata ƙasa zai kashe wutar bariki da ta asibiti, ya tsayar da ruwa, ya bar mutane su ƙarasa sauran da kansu. Ya ce shekara da shekaru dabarar ƙasa ita ce a gina katanga mai tsawo a kewaye na'urori, duk wanda ke ciki kuma a ɗauke shi ɗan gida. Wannan tunanin ne aka tara mu mu sake.

Ni da bakina ba ya zama wuri ɗaya, na ɗaga hannu na ce mu dai katangarmu ba ta taɓa tsagewa ba. Ya dube ni, ya duba takardar sunaye, ya tambaya ko ni ce daga Kaduna. Ya ce da izinin shugabanninmu yaransa sun gwada wurare da dama kafin taron, ciki har da namu. Ya kunna allo.

Ku yi tunanin abin da na gani. Allonmu ne, wanda na sani kamar tafin hannuna, ga layin asibiti, ga na bariki, ga alamar hannu a kan maɓallin da ke rufe su. A sama kuma an rubuta wanda ya shiga.

"Ba mu danna ba," in ji Kanar. "Amma babu abin da ya hana mu. Ba mu fasa katangarku ba, Madam. Waya muka buga ɗakinku da rana tsaka, yarona ya ce shi ɗan kwangila ne, Oga Ishaku ne ya saba ba su kalmar in sun zo gyara. Wanda ya ɗauka har gaisuwa ya ƙara masa, sannan ya faɗa masa. Wane ne wannan Ishaku? Ya kamata a kira shi a ja masa kunne."

"Ya rasu," na ce.

"Ya rasu, kuma yana shiga aiki kullum?"

"Mijina ne."

Kanar ya kashe allon, ya ce a tafi hutu. Da aka fita ya same ni a baranda ya ba ni haƙuri, ya ce bai sani ba. Na tambaye shi wa ya ɗauki wayar. Ya ce ko ya so faɗa ba zai iya ba, domin a wurinmu kowa Ishaku ne. In gobe aka kashe wutar asibiti da gangan, mutane suka mutu a kan gadon tiyata, aka zo bincike, sunan da za a samu shi ne za a buga a jarida.

A hanyar dawowa motarmu ta wuce ta Kakau da yamma, na hango gonar daga titi, masara ta fara fitar da gemu. Tun a nan na san bana zan iya rasa masu karye ta. Abin da na kwaso daga kwas ɗin ba mai wuyar fahimta ba ne. A daina ɗauka cewa ɓarawo yana waje, a yi aiki kamar ya riga ya shigo. Kowa ya riƙe makullinsa, kowane makulli ya buɗe ɗakin da aikin mai shi yake kawai. A raba na'urorin da ke juya wuta da waɗanda ke hawa intanet. A riƙa gwada aiki da hannu lokaci-lokaci, don ranar da allo ya mutu kada gari ya mutu tare da shi. Wanda ya bar aiki, ko ta ritaya ko ta mutuwa, a rufe sunansa. Hausawa sun daɗe da faɗin cewa da ɗan gari akan ci gari, ni dai ban taɓa zaton ɗan garin zai zama mutumin da na binne da hannuna ba.

Na zaɓi lokacin cin abinci na faɗa musu, don a lokacin kowa ke nan. Suna kewaye da tire, Malam Sani ya matsa ya ba ni wuri kamar kullum. Na ba su labarin wayar. Ba wanda ya dubi wani, kuma na gode wa Allah da haka. Da na kai kan maganar rufe sunan, Baba Gyang ya cire hannunsa daga abinci.

"To a canja fasuwod ɗin mana, a bar sunan," ya ce.

"Baba, in mun canja yau, jibi mutum nawa za su san sabon? Kuma in wani abu ya faru, wa za a ce ya yi?"

"Wato ba ki yarda da mu ba."

"Na yarda da ku fiye da 'yan uwana na jini. Injin ne bai san ku ba. Duk wanda ya kira sunan Ishaku buɗe masa yake yi, ku ma haka."

"Abeg, Maman Hannatu. Soja ya yi miki turanci kwana kaɗan, kin dawo za ki koya mana wanda za mu yarda da shi? Mu da muka ɗauki gawarsa a kafaɗa?"

Malam Sani ya ce a bi a hankali, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Ba wanda ya saurare shi. Baba Gyang ya ce in dole ne, to a bar mutanen Abuja su zo su yi, kada a ce matarsa ce ta yi. Na san kare ni yake so ya yi, kuma da na bi shawararsa da na tsira da mutuncina a idonku. Amma na kasa jure tunanin wani yaro da bai san ko Ishaku fari ne ko baƙi ba ya zo ya goge shi yana taunar cingam. Ran Litinin da safe na zauna a ofishina na buɗe wa kowa sunansa, na kai wa kowa nasa har teburinsa. Sannan na dawo na nemo na babanku. Na'urar ta tambaye ni ko na tabbata. Na zauna ina kallon tambayar har shayina ya huce, sannan na danna. Abu ɗaya na bari: na haɗa wata 'yar ƙararrawa a kwamfutata, wadda za ta yi ƙara duk lokacin da wani ya gwada shiga da rufaffen sunan. Haka aka koya mana a yi, don a san in ana ƙwanƙwasa ƙofar.

Ba wanda ya zage ni. Da sun zage ni da ya fi sauƙi, don zagi ina da amsarsa. Baba Gyang dai ya daina ce mini Maman Hannatu, ya koma Madam. In na shiga ɗakin lokacin abinci sai a ce bismillah Madam, amma ba mai matsawa. Na koma cin abincina a ofis, ƙofa a rufe, ina jin dariyarsu ta bango. Da na kawo dokar ajiye waya a akwati kafin shiga ɗakin, da ta hana soka filas, 'yar na'urar kwafar bayanai, a kwamfutar aiki, sai aka sa mini suna Soja. Da na fitar da su fili cikin rana su gwada jan ƙarfe da hannu, wani ya ce da Oga na nan da ba a wahalar da tsofaffi haka ba. Ya faɗa ne yadda zan ji, kuma na ji.

Kaka ta zo. Ban aika wa kowa ba, don ba a taɓa aikawa ba, su ke sa rana su faɗa mini. Da na ga masara na neman lalacewa na ce mu tafi ran Asabar, na kuma dafa gwate a babbar tukunyar, ko da za a zo. Kun tuna mun zauna a gindin mangwaro muna kallon titi, duk motar da ta rage gudu sai Yohanna ya miƙe. Malam Sani kaɗai ya zo, a kan babur, ya ce sauran aiki ya riƙe su. Ƙarya yake yi don ya rufa musu asiri, ni ce ke da jadawalin juti. Muka karye abin da muka iya, muka dawo da gwaten kusan yadda muka kai shi. A ranar ne kika ji dalili daga bakin 'yar Baba Gyang, kika same ni a tsakar gida kika faɗi maganarki. Bayan nan kika koma makaranta, hutu biyu ba ki dawo ba. Ko a zumuntar mata ta coci sai da wata ta ja ni gefe ta tambaye ni ko wani ne ke nema na da aure, shi ya sa nake share sunan marigayi. Na yi kaɗaici a shekarar nan fiye da shekarar da ya rasu, domin lokacin mutuwarsa gidan cike yake da mutane.

Sai dai akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Washegarin ranar da na rufe sunan, da safe, ƙararrawar ta yi ƙara. Na duba, sai na ga daga teburin Baba Gyang ne. Na ce sabo ne, yatsu sun riga tunani. Washegari ta sake. Mako ya wuce, wata ya wuce, duk ranar da yake juti sai ta yi ƙara sau ɗaya, sannan ya shiga da nasa sunan. Mutumin da bai taɓa kuskuren layi ba a duk aikinsa ba zai yi ta mantuwa ɗaya wata da watanni ba. Gaisuwarsa yake yi. Ya san na'urar za ta ƙi, kuma ina kyautata zaton ya san ina ji. A ƙa'ida ya kamata in hana shi, don mai gadin da ya saba jin ƙararrawa kullum wata rana zai ji ta gaske ya share. Ban hana shi ba, sai dai ban taɓa barin ta yi ƙara ban duba daga ina ba ne. Mukan haɗu a baranda ya ce ina kwana Madam, in ce lafiya Baba, kowa ya wuce. Amma nakan zo aiki da wuri a ranakun jutinsa, in zauna in jira ƙarar nan kafin in taɓa komai.

Da ya yi ritaya aka yi masa walima, ya koma Filato. Ranar ƙarshe ma sai da ƙararrawar ta yi ƙara. Daga nan shiru. Sababbin yara sun zo da sunayensu da makullansu, sun ɗauki tsarin kamar haka aka halicci duniya, ba su san an taɓa yin wani Ishaku ba. An fara kira na wasu cibiyoyi in nuna musu yadda muka yi, ana tafa mini, ina dawowa gida in kunna rediyo don in ji muryar mutum.

Ana nan wata rana da damina, bayan azahar, ina cin abinci a ofis ruwa na zuba, sai ƙararrawar ta yi ƙara. Zan faɗa muku gaskiya, murna na yi. Na miƙe cokali a hannu, a raina na ce Baba Gyang ya kawo ziyara. Sai ta sake yi, ta sake, ta ci gaba ba tsayawa. Na duba. Ba daga ɗakinmu ba ne, ba ma daga ƙasar nan ba. Wani ne a wani wuri yake buga sunan babanku, kuma kalmar da ya fara gwadawa ita ce tsohuwar, daidai ba kuskure. Yadda ta kai hannunsa Allah kaɗai ya sani, ta bi ta bakuna da yawa a shekarun da take yawo. Na kira Abuja kamar yadda aka tsara, suka karɓi maganar, suka toshe hanyar da yake bi. Ƙofar ba ta buɗe ba. A cikin ɗakin yara na ta hirar ƙwallo, ba a ɗauke wuta ko'ina ba, babu wanda ya san an yi wani abu, kuma haka ake so.

Na rasa wanda zan gaya wa, sai na kira Baba Gyang. Rabon da in kira shi tun kafin maganar ta ɓaci. Na ba shi labarin.

"Da tsohuwar kalmar?" ya ce.

"Da ita, Baba."

"Kuma bai shiga ba."

"Bai shiga ba."

Na ji ya ja numfashi. Ya tambayi lafiyarku, ya tambayi gonar. Na ce na bayar da ita haya. Ya ce to, Allah ya kyauta, Maman Hannatu, sai an jima. Bai ce na yi daidai ba, ni ma ban tambaye shi ba. A shekarar da ta biyo baya ya rasu.

Ga abin da ya faru ke nan. Hannatu, kin ce na binne babanku sau biyu, ban musa ba, kuma na biyun ya fi ciwo don ni kaɗai ce a bakin ramin. Amma mutum na ƙarshe da ya kira sunan Ishaku a na'urar nan ya zo ne ya kashe wa gari wuta da shi. In kuka tashi ba 'ya'yanku labarin kakansu, za ku iya cewa shi ya haɗa injinan da ke haska Kaduna, kuma babu wani abin kunya da za a ƙara a bayan wannan. Abin da na iya ajiye muku ke nan. Kwamfutar na miƙa wa wadda ta gaje ni, na nuna mata ƙararrawar, na ce kada ta cire. Ta tambaye ni sunan wa ne, na ce wani ne da ya taɓa aiki a nan.